Fina-finan sadaukan Amurka: ɗoki, shakka da cinikin biri a sama

Ranar 18 ga watan Disamba 2026 ce kampanin Marvel ya tsaida don fitar da babban fim ɗinsa mai suna Avengers: Doomsday, kuma akwai wasu manya uku da aka sa wa rana cikin 2027. Masu sha'awar waɗannan fina-finai sun rabu gida biyu, masu ɗoki da masu shakka. Gardamar tasu ta shafi abin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato amincin da ke tsakanin mai haja da mai saye.

Kujeru 27 babu kowa a kai

Ranar 26 ga Maris 2025, kampanin Marvel ya yi wata talla da ba a saba ganin irinta ba. Ya kafa na'urar ɗaukar hoto a gaban kujeru babu kowa a kansu, ana watsawa kai tsaye ta intanet. Bayan ƴan mintoci sai a nuna wata kujera, da sunan ɗan wasa rubuce a bayanta. Kusan sa'a biyar da rabi ana haka, har sunaye suka kai 27. Ba a nuna hoton fim ko ɗaya ba, ba a faɗi labarinsa ba, hasali ma ba a fara ɗaukarsa ba sai cikin watan Afrilu, a ƙasar Ingila. Duk da haka miliyoyin mutane suka tsaya kallo, wasu suna murna, wasu suna tsaki.

Malam Bahaushe yana da sunan irin wannan harka: cinikin biri a sama. A Holiwud kuwa haka ake sayar da fim, tun shekara biyu ko uku kafin a gama shi. Mai kallo bai biya ko tamma ba a lokacin, amma ya ba da hankalinsa da bakinsa, yana yi wa kampani talla kyauta a wurin abokansa. Tambayar da ta raba masu sha'awar a yau ita ce, ko waɗannan kampanoni sun cancanci a ci gaba da ba su wannan lamuni.

Daga takarda zuwa sinima

A cikin littattafan zane aka haifi waɗannan sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, masu tashi sama, masu ɗaga mota da hannu guda. Superman ya fito a 1938. Samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 kacal (idan muka ce dala a nan, ta Amurka muke nufi, mai karatu kada ya haɗa ta da dalar kasuwarmu mai tamma biyar). Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man a 1962, sai Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda, a 1966. Gida biyu ne suka mallaki mafi yawansu: DC, mai Superman da Batman, wanda Warner Bros. ke yi wa fina-finai, da kuma Marvel. Masu karatu da Faransanci sun san sadaukan Marvel ta mujallar Strange, wadda aka fara bugawa a birnin Lyon a 1970.

Marvel ɗin da ake ji da shi yau ya sha wuya. A ƙarshen 1996 ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. A cikin waɗancan shekaru na ƙunci ne izinin yin fim da manyan sadaukansa ya tafi hannun wasu: X-Men ga kampanin Fox, Spider-Man ga Sony. A 2005 ya yi kasada, ya karɓi lamunin dala miliyon 525 daga bankin Merrill Lynch, ya jinginar da haƙƙin wasu daga cikin sadaukan da suka rage masa, don ya riƙa yin fina-finansa da kansa. Fim na farko, Iron Man, ya fito a 2008, da Robert Downey Jr., ɗan wasan da miyagun ƙwayoyi suka taɓa kaiwa gidan kaso, wanda mutane da yawa suka riga suka yanke ƙauna daga gare shi. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyon 585. Shekara guda bayan haka kampanin Disney ya saye Marvel a kan kimanin dala miliyar 4.

Dabarar da Kevin Feige, shugaban sashen fina-finan Marvel, ya bi ita ce ɗinke fina-finan wuri guda kamar surorin littafi. A ƙarshen kusan kowane fim, bayan sunayen ma'aikata sun wuce, sai a nuna wani ɗan guntun hoto mai nuni ga na gaba. Wanda ya kalli ɗaya sai ya ji tilas ya kalli na biye. Daga 2008 zuwa 2019 an yi fim 23 a kan wannan tsari, kuma kusan duk lokacin da aka yi alkawari an cika. Ƙololuwar abin ita ce Avengers: Endgame, na watan Afrilu 2019, wanda ya tara kusan dala miliyar 2,8 a duniya. In aka juya su zuwa kuɗinmu bisa canjin wancan lokaci, sun haura miliyar 1600 na sefa, alhali kasafin kuɗin ƙasar Nijar na shekarar bai wuce miliyar 2000 da ƴan kai ba.

Haja ta yi yawa a kasuwa

Daga nan ne lissafi ya fara rikicewa. A watan Nuwamba 2019 Disney ya buɗe tasharsa ta intanet, Disney+, wadda ake biya wata-wata, kuma tasha tana bukatar sabon abin kallo kullum. Aka ɗora wa Marvel wannan kaya. Cikin shekara biyu kawai, 2021 da 2022, ya fitar da fim 7 da wasannin telebijin masu dogon zango 8. Tsarin ɗinki da ya kasance ƙarfinsa ya koma nauyi a kan mai kallo, domin kafin ya fahimci sabon fim sai ya kalli sa'o'i masu yawa na wasannin da suka gabata, kamar ɗan lakwal da aka ba aikin gida.

A daidai lokacin kuma ginshiƙan gidan suka kau. A cikin Endgame an kashe Iron Man, an tsofar da Captain America. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Black Panther, ya rasu ranar 28 ga Agusta 2020 yana da shekara 43, bayan fama da ciwon daji na hanji da ya ɓoye wa duniya. Ma'aikatan da ke haɗa hotunan kwamfuta suka fara kukan yawan aiki da ƙurewar lokaci, har waɗanda ke aiki a Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a watan Satumba 2023. Masu kallo ma sun ga alamun gaggawa a jikin hotunan.

Shekarar 2023 ta zo da tsautsayi a jere. Marvel ya gina shirinsa na shekaru a kan wani sabon mugu mai suna Kang, wanda Jonathan Majors ya fito a matsayinsa. Fim ɗin da aka yi don gabatar da shi, Ant-Man and the Wasp: Quantumania, bai wuce dala miliyon 476 ba. A watan Nuwamba, The Marvels ya tsaya a kan miliyon 206, mafi ƙaranci a duk jerin, alhali abin da aka kashe wajen yinsa ya fi haka. Ranar 18 ga Disamba wata kotun New York ta sami Majors da laifin cin zarafin tsohuwar budurwarsa, Marvel ya sallame shi a ranar. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a bainar jama'a cewa yawa ya rage inganci, kuma a watan Mayu 2024 ya sanar cewa za a koma fim biyu ko uku a shekara.

Gidan DC ma bai tsira ba. A watan Agusta 2022 Warner Bros. ya kulle fim ɗin Batgirl a ɗaki bayan an kashe masa kimanin dala miliyon 90, don ya rage haraji da asarar. Fim ɗin Joker na 2019 ya haura dala miliyar guda, amma na biyunsa, a 2024, da ƙyar ya wuce miliyon 200.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake karanta waɗannan alƙaluma. Kuɗin tikiti ba duka ke shiga aljihun kampani ba, gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. Ban da kuɗin yin fim akwai na talla, wanda ga manyan fina-finai yakan haura dala miliyon 100. Saboda haka fim ɗin da ya ci miliyon 200 yana bukatar cinikin wajen miliyon 500 kafin uwar kuɗi ta dawo. Da wannan ma'auni, sakamakon Marvel na 2025 bai faranta ran masu hannun jari ba: Captain America: Brave New World ya sami kimanin miliyon 415, Thunderbolts kimanin 382, The Fantastic Four: First Steps kimanin 520. Sabon Superman na DC, wanda James Gunn ya ba da umarninsa, ya fi su duka da miliyon 600 da ƴan kai.

Da tsohuwar zuma ake magani

Maganin da Marvel ya zaɓa shi ne komawa ga tsoffin fuskoki. A watan Yuli 2024, a babban taron masu sha'awar littattafan zane na birnin San Diego, wani mutum ya hau dandamali sanye da koren alkyabba da fuskar ƙarfe. Da ya cire ta sai ga Robert Downey Jr., wanda bai daɗe da karɓar kyautar Oscar ba saboda fim ɗin Oppenheimer. Wannan karon zai fito a matsayin mugu, Doctor Doom, wanda ya maye gurbin Kang. Aka kuma dawo da wa da ƙane, Anthony da Joe Russo, masu ba da umarnin Endgame. Mujallar Variety ta ruwaito cewa za a biya su dala miliyon 80 saboda fim biyu, ladan Downey kuma ya fi haka nesa. A cikin kujerun nan 27 akwai na Patrick Stewart da Ian McKellen, dattawan da suka haura shekara 80, waɗanda suka fito a X-Men tun shekarar 2000. Sayen Fox da Disney ya yi a 2019 ne ya buɗe hanyar haɗa su da Avengers. A watan Disamba 2025 kuma wata gajerar talla ta nuna cewa Chris Evans, tsohon Captain America, shi ma ya dawo.

Masu ɗoki suna da hujja. Fina-finan Marvel biyu da suka fi ciniki bayan 2019 duk da tsohuwar zuma aka yi su. Spider-Man: No Way Home na 2021 ya haɗa ƴan wasa uku da suka taɓa sa rigar gizo-gizo, ya tara dala miliyar 1,9. Deadpool & Wolverine na 2024 ya dawo da Hugh Jackman, ya haura miliyar 1,3. Yaron da ya kalli X-Men yana ɗan shekara goma a 2000, yau magidanci ne mai kai ƴaƴansa sinima. Ganin sadaukan ƙuruciyarsa gaba ɗaya cikin fim guda abu ne da ya daɗe yana jira, kuma waɗanda za su haɗa masa su sun taɓa yin irin wannan aiki ya yi kyau.

Masu shakka su ma ba da ka suke magana ba. Na farko, suna cewa idan duk wanda ya mutu ko ya yi ritaya yana iya dawowa, ta hanyar labarin duniyoyi barkatai da Marvel ya shigo da shi, to babu sauran abin da zai sa gaban mai kallo ya faɗi. Hawayen da aka zubar a 2019 ya zama na banza. Na biyu, mutum kusan talatin cikin fim guda, kowa zai sami mintoci nawa? Na uku, fina-finan da ƴan gidan Russo suka yi bayan sun bar Marvel ba su sami yabo ba, musamman The Electric State na 2025, wanda ya ci maƙudan kuɗi masu sharhi suka yi masa ca. Na huɗu, wanda ya fi zafi, dawo da tsofaffi shaida ce cewa cikin shekara biyar kampanin ya kasa raino sababbin da jama'a za su so.

Akwai kuma maganar saɓa alkawari. Wannan fim na Avengers an fara sa masa rana a watan Mayu 2025 da wani suna dabam, aka ɗage zuwa Mayu 2026, aka sake ɗagewa zuwa Disamba. Na biye da shi, Secret Wars, an kai shi 17 ga Disamba 2027. Fim ɗin Blade, wanda aka sanar a 2019 da ɗan wasa Mahershala Ali, an cire shi daga jadawali a watan Oktoba 2024 ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba. A gidan DC, The Batman Part II ya tashi daga Oktoba 2025 zuwa Oktoba 2026, ya sake tashi zuwa 1 ga Oktoba 2027. Gaskiya ne yajin aikin marubuta da na ƴan wasa na 2023, wanda ya tsaida Holiwud wata da watanni, yana cikin dalilan wasu jinkirin. To amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tarihi bai bar kowa da gaskiya ba

In aka duba baya, hukuncin da masu sha'awa ke yankewa kafin fim ya fito ya sha kuskurewa, ta kowane ɓangare. A 1988, da aka ce Michael Keaton, wanda aka sani da wasan barkwanci, shi zai zama Batman, dubban wasiƙun ƙorafi suka isa ofishin Warner Bros. Fim ɗin ya fito a 1989 ya zama na ɗaya a cinikin Amurka na shekarar. A 2006 aka yi wa Heath Ledger dariya da aka ba shi matsayin Joker. The Dark Knight ya fito a 2008, ƴan watanni bayan rasuwarsa, kuma wannan wasa ne ya sa aka ba shi Oscar a 2009.

Masu ɗoki su ma sun sha ƙasa. Batman v Superman na 2016 an shekara uku ana jiransa, ya fito ya bar jama'a da cizon yatsa. The Flash na 2023 kuwa shugabannin kampanin da kansu suka riƙa cewa yana cikin mafi kyau da aka taɓa yi, kuma shi ma da tsohuwar zuma aka yi shi, domin an dawo da Keaton cikin rigar Batman bayan shekara 30. Bai wuce dala miliyon 271 ba. Ashe tsohuwar fuska tana iya jawo mutum ƙofar sinima a daren farko, amma labari ne ke sa ya ce wa maƙwabcinsa ya je.

Rabon Afirka

Ƴan Afirka suna da nasu dalilin sa ido. Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarninsa, ya haura dala miliyar 1,3 da ƴan wasa kusan duk baƙar fata, ya rushe tsohuwar maganar Holiwud cewa irin wannan fim ba ya ciniki a wajen Amurka. Wani yanki na farkonsa an ce a dajin Sambisa na Najeriya yake faruwa. Harshen Wakanda harshen Xhosa ne na Afirka ta Kudu, kuma mai tsara tufafinsa, Ruth Carter, ta ɗauki samfurin shigar Abzinawa ga ɗaya daga cikin ƙabilun ƙasar. Ta sami Oscar a 2019, baƙar fata ta farko a wannan fanni. Letitia Wright da Winston Duke, manyan ƴan wasan Wakanda, suna cikin sunayen da aka bayyana na Doomsday, kuma Denzel Washington ya faɗa a 2024 cewa Coogler yana rubuta masa matsayi cikin Black Panther na uku. Abin dubawa shi ne ko Wakanda za ta riƙe darajarta cikin taron sadaukai talatin, ko za a mai da ita ƴar rakiya.

A jira mako na biyu

Akwai ma'aunin da ba ya bukatar gardama. Cinikin kwana uku na farko aikin talla ne da ɗoki, tun da masu zuwa ba su ga komai ba tukuna. Ciniki na mako na biyu shi ne hukuncin waɗanda suka gani suka ba da labari. A Amurka, Black Panther ya ragu da kashi 45 cikin 100 kawai a makonsa na biyu. Batman v Superman ya faɗi da kashi 69, Quantumania da kusan 70, The Flash ya haura 70, The Marvels ya kai 78. Doomsday kuma zai sami kishiya, domin Warner Bros. ya sa wa kashi na uku na Dune rana guda da shi.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram bai bukaci a koya masa wannan darasi ba. Dillalin da ya kawo kaya mai kyau sau ashirin ana ba shi kuɗi tun kafin mota ta iso. In ya fara cika shago da gauraye, sai a ce a kwance buhu a gani. Shakkar masu kallo ce, da ƙin sayen tikiti a 2023, ta tilasta wa Disney rage yawa, abin da shekaru na sharhin jaridu bai yi ba. Ɗokinsu kuma shi ke sa a zuba ɗaruruwan miliyoyi cikin fim guda. Kampanonin suna bukatar ɗokin don su rayu, shakkar kuma ita ke hana su raina mai saye.

Mu nan, da yawanmu sai bayan watanni muke ganin waɗannan fina-finai, da fassarar Faransanci, ta tauraron ɗan Adam ko cikin wayar hannu. Kafin su iso Yamai ko Tawa, biri ya riga ya sauko ƙasa, kowa ya ga girmansa. Su kuwa Marvel da DC sun sa ranaku da bakinsu: 18 ga Disamba 2026, sai 9 ga Yuli 2027 ga Man of Tomorrow, ci gaban Superman, sannan Oktoba da Disamba na wannan shekara. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.